Ka kama tsohon gida za ka buɗe gidan abinci, sai aka ce akwai mutanen ɓoye a ciki

A Ingila da Amurka in aka ce tsohon gida akwai fatalwa ai kakar mai gidan abinci ta yanke saƙa, har a talla suke sakawa mutane na rububin zuwa ko za su ga wani abu. Toh a Kano kar ka kuskura. Nan da zarar an fara cewa gidan nan fa da masu shi, ko almajiri sai ya yi shawara kafin ya shigo karɓar ƙanzo.

Don haka in ka kama irin gidajen nan na cikin gari, wajen Yakasai ko Dala ko bayan Kurmi, kafin ka sayi fenti je ka gaida mai unguwa da dattawan layin, ka tambaya wa ya zauna a ciki, me ya sa aka tashi. Sau da yawa rigimar gado ce ta sa aka garƙame shi shekara da shekaru, wani lokacin kuma 'yan shaye-shaye ne suka mai da kangon matattara, su ke baza maganar don kar kowa ya matso.

Sai ka nemo magini, ba na bulo ba, wanda ya san tubali da azara, ku hau sama da fitila. Jemagu, gafiya, tattabaru, mujiya, duk masu haya ne a irin wannan rufi. In an ɗora kwano a kai, bayan ya sha rana da daddare yana hucewa za ka ji ƙas ƙas kamar ana jifa, da hunturu kuma katakon ƙofa bushewa yake ya saki sai ka ga ta buɗe da kanta. Kwan lantarki mai kawowa yana ɗaukewa, tsohuwar waya ce, a sake wayarin gaba ɗaya. In akwai tsohuwar rijiya a tsakar gida a rufe ta da kankare, kar a tura yaro ciki wai ya duba, iskar ƙasan tana kisa.

Inda na fi so ka natsu shi ne janareto da gawayi. Ɗakunan da, bango mai kauri ne taga 'yar mitsitsiya, hayaƙin nan kuwa akwai guba a cikinsa wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana sa ciwon kai da jiri da amai da ruɗewa, yaron shago ya kwana kusa da inji a soro ya tashi yana rantsuwa wani abu ya danne shi, wani ma ba ya tashi. Inji a fili, nesa da taga, kurfoti kuma kar ya kwana a ɗaki. Tiyon gas a shafa masa ruwan sabulu, in ya yi kumfa yana yoyo.

Ba wai ina cewa babu aljanu ba fa, sura guda gare su a Alƙur'ani. Amma maganin a bayyane yake, ya zo a Sahihu Muslim cewa Shaiɗan yana gudu daga gidan da ake karanta Baƙara. Kira limamin unguwa a yi sauka, a yi sadaka, ma'aikata su riƙe azkar. Wanda ya ce a kawo baƙin bunsuru a binne laya a bakin ƙofa, sallame shi, kuɗinka zai ci kuma shi zai fara yaɗa cewa ya ga abu.

Ma'aikata ka gaya musu jita-jitar da bakinka tun kafin su ji a wajen mai shayi, kar a bar mutum ɗaya ya kwana, lungun banɗaki da soro a sa fitilar sola. Ranar buɗewa kuma ka yi ta da rana tsaka, ka gayyato maƙwabta, a shimfiɗa wa mai unguwa da liman darduma a cikin ɗakin da aka fi tsoro, can za a kai musu tuwon.