Gyaran fata kafin kwanciya a lokacin hunturu

Salamu alaikum 'yan uwa mata. Iskar hunturu ta fara kaɗawa a Katsina, kuma kun san halinta, daga Nuwamba har Fabrairu ƙura ce da bushewar fata. Ga abin da nake yi kullum bayan sallar isha'i.

Da farko ki wanke fuska da ruwan ɗumi, kada ya yi zafi sosai, domin ruwan zafi yana kwashe maiƙon da ke kare fata. In sabulun salo kike amfani da shi, ki yi kumfarsa a tafin hannu tukuna, kada ki goga dunƙulen a fuska, yana da kaifi. Kwalli da hoda ki fara cire su da auduga da ɗan man zaitun.

Inda da yawa muke kuskure shi ne mu bari fuska ta bushe ƙayau sannan mu shafa mai. Ki shafa tun da sauran damshi, shi ne man zai riƙe ruwan. Man kaɗe ɗan kaɗan, kamar ƙwayar gyaɗa, ki narkar da shi a tafin hannu. Mai yawan ƙuraje ta bar shi a jiki da ƙafa kawai.

Ni faso ya wahalar da ni bara, har zani yake kamawa. Vaseline a diddige, na sa safa na kwanta, ya yi sauƙi sosai.

Don Allah ki guji haɗe-haɗen man bilicin, masu sinadarin steroid suna sirantar da fata. Rigar matashin kai kuma a wanke ta duk mako.