Kurakuran da ƴan sitaj ke ta maimaitawa a kan tsutsar ciki da tsargiya

Kowace shekara sababbin ƴan sitaj, wato masu koyon aikin asibiti, na zuwa mana nan Damagaram, kuma kowace shekara abu ɗaya ne: suna ɗaukar tsutsa kamar bakteriya. Bakina ya gaji, shi ya sa na rubuta.

"Ai ba shi da masassara, lafiyarsa lau." Wannan magana na fi ji daga bakinsu. Bakteriya ƙarama ce, fararen ƙwayoyin jini haɗiye ta suke. Macen askaris, wata irin tsutsar ciki, kuwa tana kai santimita 35, wa zai haɗiye ta? Dole jiki ya canza dabara. Ƙwayoyin Th2, wani rukuni na fararen ƙwayoyin jini, sai su saki sinadarai: IL-4 ya sa a ƙera IgE (wani sinadarin garkuwar jiki), IL-5 ya yawaita eyozinofil, wasu fararen ƙwayoyin jini masu manne wa tsutsa su zuba mata dafi, IL-13 kuma ya sa hanji ya ƙara yauƙi, ya riƙa murɗawa don a tunkuɗo ta waje. Galibi duk wannan ba ya kawo zafin jiki. Ita ma tsutsar ba zaman banza take ba, tana sakin abubuwan da ke kwantar da garkuwar jiki har a bar ta ta zauna. Sai yaro ya shekara da shekaru da ita, ba abin da ake gani sai rama, ƙarancin jini da gyangyaɗi a aji.

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne na tsargiya. Ɗan ƙanwata ya fara ganin jini a ƙarshen fitsari. Aka kai shi wani wurin shan magani, aka rubuta antibiyotik. Ya ƙare, jini bai tsaya ba, aka sake wani. Haka aka yi ta yi, kuɗi na tafiya, ba wanda ya tambayi yaron ko yana wanka a tabki. Tambaya guda! Alhali duk damina yana cikin ruwa da abokansa tun hantsi. Ranar da na ɗora fitsarinsa a madubin likita, ga ƙwan tsutsa nan birjik, kowane da ɗan tsininsa a ƙarshe. Da aka yi eko, wato hoton ciki, bangon mafitsara ya riga ya yi kauri.

Ku fahimci abin da ke faruwa. Tsutsar tana fitowa daga dodon koɗi, ta huda fata, ta girma, ta je ta zauna a jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara. Babbar tsutsar ba ita ce ke yin mafi yawan ɓarna ba. Ƙwanta ne ke maƙalewa a nama, garkuwar jiki ta taru ta kewaye kowane ƙwai, wurin ya kumbura, daga baya ya zama tabo. Tabo kan tabo, har hanyar fitsari ta toshe, ƙoda ta kumbura, wani ma ya kai ga kansar mafitsara. To ina antibiyotik ya shigo a nan? Tun 1851 Theodor Bilharz ya ga wannan tsutsa a Alƙahira, amma har yau akwai mai farar riga da zai gyaɗa kai in kaka ta ce jinin alamar balaga ne. Ka girmama tsohuwa, ka ce "Inna, wannan ciwo ne, kuma yana da magani", amma kada ka bar yaron ya tafi ba awo.

Sai masu ɗaukar magani kamar allurar rigakafi. Praziquantel, maganin tsargiya, miligiram 40 ga kowane kilo na nauyin jiki, yana kashe manyan tsutsotsi, amma bai cika taɓa ƙanana da ba su balaga ba. Kuma bayan an sha, jiki ba ya riƙe kariya irin ta wanda ya yi ƙyanda. Ƴar kariyar da ake samu a hankali take ginuwa cikin shekaru, kuma ba ta cika. Shi ya sa ƴan makaranta suka fi kowa ɗaukar cutar, shi ya sa kuma rabon maganin da Nijar ta fara a 2004 ake maimaita shi. Ni dai, duk yaron da na san ya shiga ruwa kwanan nan, ina cewa a dawo mini da shi bayan wasu makonni a sake awo, ko daga Mirya yake ko Gidimuni. Ba kowa ke yin haka ba, al'adata ce.

Eyozinofil ya haura 500 a mikirolita na jini ba hujjar tsutsa ba ce, asma ma tana ɗaga shi. In bai hau ba kuma, ba shaidar babu ba ce.

Kada a ba da praziquantel ciki wayam, ko kunu a fara sha. Kada a kintaci nauyi da ido, a hau sikeli ko a tsaya a sandar awon tsawo. Awon bayan gida sau ɗaya ba ya wanke mutum. Albendazole na tsutsar hanji ne, ba ya maganin tsargiya. Fitsarin neman ƙwai kuma ba na asuba ba ne, a karɓe shi tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, lokacin da ƙwai suka fi fita.