Matakan tausar baya ga mai koyo

Kafin ka taɓa mutum, tambayi lafiyarsa. Yana zazzaɓi? Akwai sabon rauni, ƙuraje ko karaya? In ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, kada ka tausa ta ko kaɗan, mai yiwuwa jini ne ya daskare a jijiya. Tura shi wurin likita. Wannan matakin ya fi sauran nauyi a wurina.

Sai ka yanke farce, ka cire zobe, ka wanke hannu da sabulu. Nemi izini: "Baba, in fara?" A nan Maraɗi, mace ta tausa mace, namiji ya tausa namiji, hankali ya fi kwanciya. Rufe shi da zane mai tsabta, bayan kawai za ka buɗe.

Murza man kaɗe a tafinka har ya narke. Shafa a hankali daga ƙugu zuwa kafaɗa kamar minti 5, sannan ka matsa tsoka da tafi da babban yatsa. Kada ka danna ƙashin baya, bi gefe da gefe. In ya ce da zafi, sassauta nan take.

In ka gama, ya tashi sannu a hankali. Canja zane, ka sake wanke hannu.