Yoyon Baƙin Mai a Tsofaffin Babura: Duba Numfashin Inji Kafin Ka Sayi Gaskit

Tsohon babur ɗan Ingila, Triumph ne ko BSA ko Norton, duk inda ya kwana sai ya bar shaida a ƙasa. Mai shi ya canza gaskit, ya lafta gam, bayan mako biyu man ya ɓullo ta wani wurin. Galibi gaskit ba shi da laifi. Iska ce ta taru a akwatin karanshaf, wato ƙasan inji inda sandar da fistin ke juyawa take, ta rasa mafita, sai ta turo mai ta duk kafar da ta samu.

Ga yadda abin yake. A injin silinda biyu irin na Triumph Bonneville 650, fistin biyun tare suke hawa, tare suke sauka. Duk saukowa ɗaya suna matse iska cc 650 a cikin akwatin, kuma a gudun juyi 4,000 a minti hakan na faruwa kusan sau 67 a daƙiƙa guda. Ga kuma hayaƙin da ke zillewa ta gefen ringi yana ƙara cika wurin. Injin silinda ɗaya, irin Royal Enfield Bullet ko tsohon Honda CG125, shi ma haka yake numfashi, daidai girmansa. Akwatin baburan Ingila kuwa a tsaye aka raba shi gida biyu, mahaɗarsa ta ratsa ta ƙasa inda mai ke kwanciya, don haka matsi kaɗan ya isa ya sa shi tsatsafa.

Fara da gano ainihin inda man ke fitowa. Wanke injin tas da kananzir, ka bari ya bushe, ka barbaɗa hoda a mahaɗu, sannan ka hau na minti 10 zuwa 15. Wurin da ya jiƙe mafi sama kuma mafi gaba shi ne tushen, domin iskar tafiya baya take kora mai, nauyinsa kuma ya ja shi ƙasa. In ka ga wuri uku ko huɗu sun jiƙe lokaci guda, ajiye maganar gaskit, matsi ne.

Sai tiyon numfashi, wanda ke fitar da iska daga akwatin karanshaf. Cire shi ka hura da baki. Tsohon tiyo yakan lanƙwashe ko ya narke ta ciki alhali bayansa lafiya lau. Babur da ya daɗe a ajiye kuwa, zanzaro kan gina gidan laka a bakin tiyon ya toshe shi ƙam. Farin kumfa mai kama da madara tururin ruwa ne da ya gauraya da mai, yawan gajeriyar tafiya ke kawo shi, kuma shi ma yana toshewa. Sa sabon tiyo mai jure mai, kada faɗin cikinsa ya gaza na bakin da ke jikin inji. Ka fara ɗaga shi sama domin ɗigon mai ya koma ciki, sannan ya gangaro. Bakinsa ya kauce wa tayar baya.

A nan sanin shekarar babur ke da amfani. Triumph 650 na kafin 1970 yana numfashi ta wani ɗan faifai da kamshaf na shigar iska ke juyawa, yana buɗewa lokacin da fistin ke sauka. In an haɗa injin ba a zaunar da faifan daidai ba, ko sifirin ɗinsa ya mutu, numfashi ya lalace. Daga 1970 kamfanin ya cire sil ɗin karanshaf na ɓangaren sarƙar farko (mai kai juyin inji zuwa kuloci), ya huda ƙananan ramuka uku, injin ya koma numfashi ta akwatin sarƙar. Wanda ya ga babu sil a irin wannan injin ya yi karambanin sakawa, ya shaƙe shi da hannunsa. Norton Commando ma an yi ta sauya masa: ƙarshen kamshaf har zuwa 1971, bayan akwatin karanshaf a 1972, sannan bayan akwatin tayimin a samfurin 850 na 1973.

Gyaran da ya fi biyan kuɗinsa shi ne bawul mai harshen ƙarfe, wanda ke barin iska ta fita ya hana ta komowa. Bayan 'yan juyi kaɗan matsin cikin akwatin ya sauka ƙasa da na waje, mahaɗu su daina tofar da mai. Ka ɗaura shi a kan tiyon numfashi kusa da inji, ka duba kibiyar da ke jikinsa kada ka juya shi baibai. Bawul ɗin mota mai ƙwallo da sifirin ba ya iya bin saurin bugun, ba ya yin aikin.

Akwai wata matsalar da ke kama da wannan. Waɗannan injunan Ingila tankin mansu daban yake, in babur ya yi makonni a tsaye mai kan silalo ta famfo ya cika ƙasan inji, musamman a Norton da BSA masu famfon giya. Kana tayarwa sai ya feso ta tiyo. Kwance notin ƙasa ka tara a mazubi: kimanin kofin shayi ɗaya daidai ne, lita guda kuwa ka mayar da ita tanki kafin ka buga. Kada ka ga tanki ya yi ƙasa ka ƙara mai ba ka duba nan ba. Bawul ɗin da wasu ke sawa a layin shigar mai don hana silalowa, in ya maƙale injin ya tafi babu mai, asarar ta fi yoyon nesa ba kusa ba.

In tiyo a buɗe yake amma yana huci da hayaƙi kamar salansa, auna matsin silinda da inji a ɗumi, totur a buɗe gaba ɗaya. Bambancin silinda biyu kada ya wuce kashi 10 cikin 100. Zuba cokalin shayi na mai ta ramin filogi ka sake aunawa. In allura ta haura sosai, ringi ne suka cinye, babu bawul ɗin da zai rufa musu asiri.

Sai yanzu a zo kan mahaɗu. Murfin alminiyam da aka sha ɗaurewa da ƙarfi yakan kumbura a bakin ramukan noti. Shimfiɗa samfefa lamba 320 a kan gilashi, ka goga murfin kana zagayawa har fuskar ta yi launi ɗaya. Gam a shafa shi siriri. Rarar silikon da ta matso ciki takan ɓalle ta toshe hanyar mai. Washar tagulla ka gasa ta har ta yi ja, ka tsoma a ruwa, za ta yi laushi ta sake kamawa. Robobin bututun fushrod (sandunan da ke tura bawul ɗin inji) na Triumph suna son matsewar kusan milimita 1 idan tof, wato kan silinda, ya zauna: ƙasa da haka su yi yoyo, fiye da haka su tsage ko tof ɗin ya karkace. Notocin baburan Triumph kuma ba na milimita ba ne, Whitworth da danginsa ne a tsofaffin, UNF daga wajen 1969, don haka nemo sifanar da ta dace kafin ka taɓa su.