Kurakuran da sabon shiga ke yi wajen ƙara wa firosesa gudu

Gudun firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, lissafi ne mai sauƙi. Akwai agogon tushe na 100 MHz, sai lambar ninki da ake ribanya shi da ita. In lambar 45 ce, firosesan na gudun 4.5 GHz. Abin da masu harkar ke kira ofakulokin shi ne ɗaga wannan lamba sama da inda kamfani ya tsayar da ita, kuma sauƙin nan ne ke ruɗin wanda bai taɓa yi ba.

Wasu tun a ƙofa suke tuntuɓe, don ba kowane firosesa ke buɗe ba. A ɓangaren Intel sai mai harafin K, irin Core i5-12600K, kuma a kan madabod (babban faifan da ake dasa firosesa da sauran sassan kwamfuta a kai) mai Z kamar Z690 ko Z790. Yawancin Ryzen na AMD a buɗe suke, amma madabod na jerin B ko X ake so, ba A520 ba. Duba wannan kafin ka ɓata yini a BIOS, wato shafin saitin madabod da ake shiga yayin kunna kwamfuta, kana neman abin da babu.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne ɗaga lambar ninki a bar bolteji, wato ƙarfin wutar da ake ba firosesa, a kan Auto, madabod ya zaɓa da kansa. Madabod ba ya son kwamfuta ta ƙi tashi, saboda haka sai ya ɗura wa firosesan wuta fiye da buƙata, kai kuma kana murna ta tashi lafiya. Zafin da firosesa ke fitarwa yana hawa ne da ninkin bolteji a kan kansa: ƙarin kashi 10 cikin ɗari na bolteji yana jawo kusan kashi 21 na wuta da zafi, tun kafin a lissafa ƙarin gudun. Ɓarnar kuma ba ta fitowa rana ɗaya. Wutar na cin siraran hanyoyin cikin firosesan a hankali, har wata rana gudun da yake yi cikin sauƙi ya gagare shi, kuma ba ya komawa yadda yake. Ko manyan kamfanonin sun sha wannan. A 2023 wasu Ryzen 7800X3D sun ƙone saboda yawan boltejin SoC, wani sashe na firosesan, har AMD ta ƙayyade shi a 1.3V, a 2024 kuma Intel ta amince cewa yawan bolteji ne ke illata firosesocinta na zubi na 13 da na 14. Gyaran shi ne ka buɗe HWiNFO, manhajar da ke nuna zafi da boltejin kwamfuta, ka ga boltejin da firosesanka ke sha tun asali, ka sa shi da hannu a BIOS, ka riƙa ƙara 0.01V kawai in gwaji ya faɗi.

Sai batun sanyi. Fankar da ke zuwa cikin kwali ba don wannan aikin aka yi ta ba. Nemi babbar na'urar sanyaya, ta iska ko ta ruwa, ka sabunta man da ake shafawa tsakaninta da firosesan, ka kakkaɓe ƙura. Yawancin na Intel sukan rage gudu da kansu a digiri 100 na Salsiyos, Ryzen 7000 a 95. Ni dai in na ga zafi ya haura 85 lokacin gwaji, baya nake ja.

Akwai mai kwafo lambobin wani daga intanet. Firosesa biyu masu suna ɗaya ba lallai halinsu ya zo ɗaya ba. Wani ya kai 5.0 GHz, ɗan'uwansa ya cije a 4.8. Akwai kuma mai taɓa lambar ninki da bolteji da XMP (saitin ƙara gudun RAM) a zama ɗaya, in kwamfutar ta faɗi bai san wanne ne mai laifi ba. Abu ɗaya za ka sauya, mataki ɗaya, wato 100 MHz, ka rubuta a takarda, ka gwada.

Shiga Windows ba shaidar lafiya ba ce. Fara da manhajar gwaji ta Cinebench na minti goma, in kwamfutar ta wuce ka matsa mata da manhajar OCCT ko Prime95 na 'yan awoyi, sannan ka yi aikin da ka saba yi da ita. Leƙa ƙasan HWiNFO, wurin kurakuran WHEA, wato kurakuran sassan kwamfuta da Windows ke ƙirgawa: in lambar ta motsa daga sifili, akwai matsala ko da shuɗin allon da Windows ke nunawa in ta faɗi bai fito ba. Gudun da bai daidaita ba na iya ɓata fayil shiru, don haka kwashe muhimman abubuwanka zuwa wani wurin tun kafin ka fara. Ka kuma sani garantin Intel da na AMD ba sa ɗaukar ɓarnar da wannan aikin ya jawo.

In allo ya yi baƙi bayan ka fita daga BIOS, kada hankalinka ya tashi. Kashe kwamfutar, zare wayar wuta, ka yi amfani da maɓalli ko filogin share CMOS, wato mayar da saitin BIOS yadda ya zo, ko ka cire ƙaramin batirin nan CR2032 na minti biyar ka mayar. Nemo inda yake a littafin madabod ɗinka tun yanzu, sannan ka adana saitin da ya yi aiki na ƙarshe a cikin BIOS don ka koma kansa.