Kafin ka tura arabun a kan tsohuwar mota kilasik, ga yadda ake dubata da yadda ake mata kuɗi

Jama'a kwanan nan na lura samarinmu na nan Jidda da Makka, har da wasu dattawan ma, sun fara shiga harkar tsofaffin motocin nan masu ƙofa biyu da ake cewa kilasik, su Datsun Z, Mercedes SL, Corvette, Trans Am, wanda Allah ya buɗa masa ma har Porsche 911 yake hange. Abin yana min daɗi wallahi don motoci ne da suka cancanci a kula da su. Abinda ke damuna shine yadda ake siyan, mutum ya ga hoto a Haraj, shafin tallan saye da sayarwa, fenti na ta ƙyalli, ya je bayan isha'i a tada masa injin ya ji ruri, kafin ya koma gida ya riga ya tura arabun, wato kuɗin kafin alƙalami. Wannan cinikin biri a sama ne. A tsohuwar mota kuɗinka yana cikin abu biyu, ƙarfen jikinta da takardunta. Injin komai lalacewarsa ana saukewa a gyara kuma makanike zai iya faɗa maka nawa zai ci tun kafin ya fara, amma tsatsa da takarda mai matsala babu wanda ya san ƙarshen kuɗinsu.

Fara da takardu tun kana zaune a ɗaki. Ka ce ya turo maka hoton istimara, wato takardar rajistar motar, da lambar shasi, da takardar fahas ta ƙarshe, wato ta binciken lafiyar mota na gwamnati. Ka ciro rahoton Mojaz da lambar, zai nuna maka abinda aka rubuta a kanta nan Saudiyya na hatsari da yawan waɗanda suka mallake ta da karatun kilomita. In daga Amurka aka shigo da ita sai ka ƙara da Carfax, irin wannan rahoton na can, amma fa ka sani lambar shasi mai harufa 17 daga motocin 1981 ta fara, duk wadda ta girmi haka Carfax bai santa ba, to anan sai rasitan gyara da tsofaffin hotuna da duk wata takarda da mai ita ya adana. Ka tambayi katin kwastan kuma ka karanta shi da idonka, don ƙa'idar shigo da mota anan ita ce kada ta wuce shekara 5, sai ta tarihi wadda ta haura shekara 30, kuma irin waɗannan suna zuwa da sharaɗi a kan hawa titi, kar ka siya da niyyar zuwa bakin tekun Abhur duk Juma'a sannan ka tarar ta ajiya ce kawai. Mota mai sitiyari a dama ko wadda aka juya mata sitiyari ba a yarda da ita ba. A Datsun 240Z abin da sauƙi, lambar ta hagu ta asali da HLS30 take farawa, an buga ta a jikin ƙarfen da ya raba injin da ɗakin direba, ka haɗa ta da ta istimara harafi bayan harafi. In ka ga wajen lambar an goge ko an yi walda kewaye da shi, yi masa sallama kawai ka tafi.

Ranar zuwa kallo ka je da safe, rana ta fito sosai, kuma ka roƙe shi kar ya tada ta kafin ka zo. Ka tafi da tocila, da ɗan maganaɗisu naɗe a ƙyalle don kar ya karce fenti, da tsohuwar tabarma ko kwali da zaka kwanta akai, in ka samu aron na'urar auna kaurin fenti ma yafi. Kar ka sa farar jallabiya, ƙasa zaka shiga.

Toh yanzu jiki, anan nake so mu daɗe. Motar da ta shekara arba'in ko hamsin a ce an sake mata fenti ba laifi bane, kusan duka an sake, tambayar ita ce me aka rufe da fentin. Ka bi da maganaɗisun ta ƙasan ƙofofi, bakin tayoyi, gefen but, duk inda ya ƙi kamawa ko ya kama da rauni to ma'ajun ne a wajen, wato ƙullin da ake cike lotsawa da shi, ba ƙarfe ba. Da na'ura kuwa fentin kamfani yawanci wajen maikuron 100 zuwa 150 yake nunawa, wanda aka sake ya fi haka, amma in kana tafiya lafiya sai waje ɗaya ya yi tsalle zuwa 800 ko 1000 ai kaga inda samkari, mai gyaran jikin mota, ya yi aikinsa. Ka tsuguna a gaban motar ka kalli gefenta a tsaye da hasken rana, zaka ga in jikin yana kaɗawa. Ka duba tazarar ƙofa da bonet, hagu da dama su zo ɗaya.

Kowace mota da inda take ruɓewa. Ita Z, wato 240Z da aka fara a 1969 da ƙannenta 260Z da 280Z har zuwa 280ZX da ta tsaya a 1983, ƙarfenta siriri ne, ka ɗaga kafet ka ga daɓen ƙasa, ka duba ƙarƙashin batir inda ruwan batir ke ɗiga shekara da shekaru, da dogayen ƙarafan shasi biyu da suka bi ta ƙasa, da bakin ƙofar but. Mercedes SL ƙirar R107 wadda aka yi daga 1971 zuwa 1989 ita muguntarta a ɓoye take, bangon da ke ƙasan gilashin gaba ne ke cinyewa idan magudanan ruwa suka toshe, sai an cire murfin fankar hita an leƙa da tocila ake gani, kuma gyaransa sai an kwance dashbod gaba ɗaya. In mai motar ya ƙi yarda a buɗe wajen, ka ɗauka akwai. Porsche 911 daga ƙirar 1976 ne aka fara yi wa jikin duka rufin zinki mai hana tsatsa, na kafin nan sai ka ninka bincike, musamman wajen batir a gaba da dokin ƙofa. Corvette C3 kuma ta 1968 zuwa 1982 jikinta faiba ne, maganaɗisu ba zai maka komai ba, shi yasa mutane ke cewa ai bata tsatsa, alhali a cikin faibar akwai kejin ƙarfe da ya kewaye gilashi da ƙofofi, shi yake ruɓewa, da shasi daidai gaban tayoyin baya.

Mu anan muna da namu ƙarin. Motar da ta yi rayuwarta a Riyad ko Ƙasim yawanci ƙarfenta a bushe yake, rana ce dai ta farfasa dashbod da robobi da kujeru. Ta Jidda da Dammam ga danshi ga gishirin teku. Sannan ga ambaliya, duk wanda yake Jidda a Nuwamban 2009 da Janairun 2011 da kuma Nuwamban 2022 ya ga motoci nawa ruwa ya shanye, kuma ba duka suka ƙare a tashlihin Biriman, inda ake kwance matattun motoci, ba, wasu an wanke an busar an dawo da su kasuwa. Ka zura hannu ƙarƙashin kujera ka taɓa ƙarfen da take gudu akai, ka ɗaga safaya ka ga ko akwai busasshen laka a ramin, ka zare soket ɗaya na waya a ƙasan dashbod, in ka ga kore kore a bakinsa ruwa ya taɓa kaiwa nan. Ni in na buɗe ƙofa na ji an turara mota da turaren bahur sosai sai hankalina ya ƙara tashi, ina cewa a bar ƙofofin a buɗe mu ɗan zaga, in na dawo sai in shinshina kafet.

Injin kuma, ka fara taɓa shi da bayan hannu ka tabbatar da sanyinsa. Buɗe murfin baƙin mai, in ka ga abu kalar shayi da madara manne a ciki to ruwa na haɗuwa da mai, gaskit ko kan silinda. Ka tsaya a bayan motar shi ya tada. Hayaƙi shuɗi mai yake ƙonawa, fari mai kauri da baya ɗaukewa bayan ta yi zafi ruwa ne, baƙi kuma fetur ya yi yawa, wannan sau da yawa saitin kafireta ne ba abin tsoro ba. A Mercedes mai silinda takwas ka kasa kunne a sakan na farko, in ka ji kacar cikin injin ta yi ƙarar karkarwa to ita da robobin da ke riƙe ta sun gaji, kuma 380SL ta Amurka ta 1981 zuwa 1983 da kaca mai layi ɗaya ta fito, ka tambaya ko an mayar da ita mai layi biyu. Porsche 944 bel ne da ita, in babu rasit na ranar da aka canza, ka saka kuɗin canjin a lissafi tun yanzu don in ya tsinke bawul da fistin ne za su haɗu.

Sai abinda mai motar bazai so ba amma dole, ka barta a tsaye tana aiki da AC a kunne kamar minti 20 da rana tsaka kana kallon allurar zafi. Motocin nan yawancinsu don yanayin Turai da Amurka da Japan aka ƙera su, wadda ke lafiya a kan titin Haramain tana shan iska zata iya tafasa a cunkoson titin Madina. AC ɗin ma ka tambaya ko har yanzu tsohon gas R12 ne ko an mayar R134a. Daga nan ka tuƙa da kanka, ka shiga kowace giya, ka taka birki da ƙarfi a inda ba kowa ka ga ko tana ja gefe, ka saki sitiyari kaɗan a miƙaƙƙen titi.

In duk ta wuce wannan sai warsha, wato garejin gyara, wadda kai ka zaɓa ba wadda shi ya nuna ba, a ɗaga ta sama ka shiga ƙasa tare da makaniken, a auna kwamfireshin na kowace silinda, bambancinsu kada ya wuce kashi 10 cikin 100. Kuɗin wannan binciken kai zaka biya kuma kar ka ji ciwonsa. Takardar fahas ta gwamnati birki da fitila da hayaƙi da makamantansu take dubawa, bata ce maka motar ta kai kuɗin da aka sa mata ba. Kilomita kuwa kar ka dogara da ita, agogon da yawa daga cikin tsofaffin nan lamba biyar ne, in ya cika 99,999 sifili yake komawa, gara ka kalli yadda robar feda da sitiyari da kujerar direba suka cinye.

Yanzu maganar kuɗi. Farashin da ka gani an rubuta a talla buri ne na mai kaya, abinda kake nema shine nawa aka sayar da irinta a zahiri. Bring a Trailer, shafin gwanjon motoci na Amurka, suna barin sakamakon gwanjonsu a buɗe da hotuna, Hagerty kuma, masu ƙiyasta darajar motocin kilasik, sun kasa motoci mataki 4, na 1 ita ce ta gasar nuni wadda ba a samun aibi, na 2 mai kyau sosai, na 3 mai lafiya da ake hawa, na 4 mai aibobi a fili. Yawancin abinda zaka gani a ma'arad, wato wuraren sayar da motoci, na Jidda ko Ƙadisiyya da Shifa a Riyad 3 ne ko 4, amma ana sa musu kuɗin 2. Wani zai ce maka ai an sayar da 240Z dala 310,000, eh gaskiya ne an yi a Janairun 2020, amma waccan ta 1971 ce da bata wuce mil dubu ashirin da ɗoriya ba, komai nata na asali, babu abinda ya haɗa ta da wadda aka sa wa injin wata motar aka yanka dashbod aka sa sikirin. Canjin injin yana ƙara gudu, amma wajen masu tara kilasik rage daraja yake, kuma in ba a shigar da shi a takarda ba zai iya jawo maka magana da murur, wato 'yan sandan hanya. A 240Z lambar injin na asali tana kan farantin da ke ɗakin injin, ka haɗa da wadda aka buga a jikin bulok.

Lissafin da nake yi shine, in nemo guda huɗu ko biyar irinta, shekara ɗaya mataki ɗaya, da aka sayar kwanan nan, in ɗauki na tsakiya in buga da 3.75 ya koma riyal, in ƙara kuɗin jirgi da kwastan kashi 5 da harajin VAT kashi 15, wannan shine abinda zata tsaya min in da kaina na shigo da ita. Daga nan sai in cire gyara. Mu ɗauka ya kama riyal 100,000, samkari ya ce daɓe da fenti 25,000, makanike ya ce 10,000, to ni bana cire 35,000 kawai, ina ƙara rabin haka akai don duk wanda ya buɗe tsohuwar mota sai ya tarar da abinda bai gani ba, ga kayan gyara da sai an yi oda daga waje a jira makonni. Kaga motar bata wuce 47,000 zuwa 50,000 ba a wajena ko da mai ita ya rantse an taya 80,000. Ka nuna masa hotunan da ka ɗauka a ƙasan motar da takardar warsha, cikin mutunci, ba sai ka kushe masa kaya ba, wasu shekara ashirin suna riƙe da ita kuma suna sonta. Kuma in kana da zaɓi tsakanin mai tsada mai lafiyayyen jiki da mai araha da ke neman aiki, ɗauki mai tsadar, araha bata ado.

In kun daidaita, arabun sai da rubutu da sharaɗin za a dawo maka da shi in canjin suna ya ƙi. Ku yi mubaya'a, wato yarjejeniyar cinikin, ta manhajar gwamnati ta Absher ko ta ma'arad mai lasisi, istimara da fahas da inshora duk su kasance da rai, kar ka yarda da zancen ka riƙe ta da sunana zuwa wani lokaci ko da ɗan garinku ne. Ranar da ka karɓe ta kuma kar ka kama hanyar Ɗa'if kai tsaye. Duba lambobi huɗu na ƙarshe a gefen taya bayan DOT, biyun farko mako ne biyun ƙarshe shekara, in lamba uku ka gani to tayar ta girmi shekarar 2000, a cire ta ko da zanenta sabo fil. A canza duk robobin fetur da na ruwa da man birki, sannan ka sayi abin kashe gobara ka ɗaure shi inda hannunka zai kai kana zaune, don busasshiyar robar fetur a kan injin mai zafi a watan Agusta ita ce ta fi cinye motocin nan.