Kare a Falo, Kyanwa a Kan Katanga: Shawara ga Sabon Zuwa Birtaniya

A makona na biyu da fara aikin kula da tsofaffi a gidajensu, a wani ƙaramin gari da ke arewacin Ingila, na ƙwanƙwasa ƙofar wata dattijuwa da misalin ƙarfe bakwai na safe, kuma kafin ta amsa sai wani baƙin kare mai girman ɗan maraƙi ya leƙo ta taga yana haushi. Da ta buɗe ƙofar sai ya yo kaina yana kaɗa jela, ni kuwa na sa ƙafa na ture shi kamar yadda kowa zai yi a gida, ban ɗauki hakan a bakin komai ba. Fuskar matar nan take ta canja, ta janye shi jikinta tana lallashinsa, kuma har na gama aikina ba ta ƙara kallona ba. Sai da na shiga falo na ga hoton karen a bango, gefe da gefe da hoton marigayi mijinta. Kafin azahar an kira ni daga ofis, an ce ta kai ƙarata.

Na kawo wannan labari ne domin kusan kowane Bahaushe da ya sauka a ƙasar nan yakan yi irin wannan tuntuɓe a watanninsa na farko. A wurinmu kare ma'aikaci ne: yana gadi, yana bin mafarauta, yana raka makiyaya, ya kwana a waje, ya ci ƙanzo da ragowar tuwo, kuma sunansa ma zagi ne idan aka jefi mutum da shi. A nan kuwa yana da suna da gado da likita, wani har da inshora, kuma a gidaje da yawa, musamman na tsofaffin da 'ya'yansu suka watse, shi ne kaɗai mai rai da suke magana da shi daga safe zuwa dare. Hausawa sun ce idan ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma ka nemi taka ka ɗaura. Ni dai ban ce ka ɗaura ba, domin babu wanda zai tilasta maka son kare ko ajiye shi, amma lallai ne ka koyi yadda za ka kauce masa ba tare da ka ci mutuncin mai shi ko ka taka doka ba.

Dokar kuwa ba ta wasa ba ce. Ƙungiyar RSPCA mai hana zaluntar dabbobi ta kafu tun 1824, kuma jami'anta suna bincike a kan ƙorafin da maƙwabta suka kai. Dokar jin daɗin dabbobi ta 2006, wadda ke aiki a Ingila da Wales, ta ɗora wa mai dabba nauyin ba ta abinci da muhalli da magani, sannan daga 2021 hukuncin zaluntar dabba ya kai ɗaurin shekara biyar. Saboda haka tun ranar farko ka zaunar da yaranka ka gaya musu cewa jifan kare ko kyanwa, wanda a unguwarmu wasan yara ne, a nan yana iya kawo 'yan sanda har ƙofar gida. Sai dai dokar ba ɓangare ɗaya ta tsaya wa ba. Dokar karnuka masu haɗari ta 1991 ta mai da shi laifi mutum ya bar karensa ya fi ƙarfinsa har ya zama barazana ga wani, kuma tun 2014 wannan ya haɗa da abin da ya faru a cikin gidan mai karen. Akwai ma nau'o'in da aka haramta, irin su Pit Bull, kuma daga ranar 1 ga Fabrairun 2024 ba a riƙe nau'in XL Bully a Ingila da Wales sai da takardar izini, a fito da shi da igiya da takunkumi a baki. Idan karen wani ya addabe ka, kana da hakkin kai ƙara ga ƙaramar hukumarka ko ga 'yan sanda.

Wurin da za ka fi haɗuwa da su shi ne filayen shaƙatawa, inda ake kwance musu igiya su yi ta guje-guje, sai kuma bas da jirgin ƙasa, domin an yarda a hau da su. Idan kare ya nufo ka, kada ka ruga, kada ka yi ihu, kada kuma ka duƙa kamar mai ɗaukar dutse, wanda shi ne dabarar da muka taso da ita. Gudu yana sa ya ɗauka wasa ne ya biyo ka. Ka tsaya cak, ka haɗa hannuwanka a jiki, ka kawar da kai, zai sansana ka ya wuce. Ka ɗaga murya cikin ladabi ka gaya wa mai shi cewa ba ka saba da karnuka ba, ya taimaka ya kira nasa. Sau da yawa zai amsa maka da cewa ai ba ya cizo, mai son mutane ne, amma idan ka maimaita cikin natsuwa zai janye shi. Abin da ba sa yafewa shi ne tsaki da yatsine fuska da kiran dabbar ƙazama. Haka kuma kada ka bar yaro ya taɓa karen wani sai an tambayi mai shi.

Batun da ya fi damun yawancinmu shi ne tsarki, kuma a nan na ga 'yan'uwa suna wahalar da kansu fiye da yadda ya kamata. Mafi yawan Hausawa mun tashi a kan mazhabar Malikiyya, inda mashhurin zance shi ne duk mai rai tsarkakakke ne, har da kare da yawunsa, kuma wanke ƙwarya sau bakwai idan ya yi lallage a cikinta umarni ne da ake bi don bauta, ba don ƙwaryar ta zama najasa ba. Shafi'iyya da Hanbaliyya kuwa suna ganin yawunsa najasa ce mai nauyi, a wanke sau bakwai, ɗaya da ƙasa. Tun da masallatan ƙasar nan sun tara mutane daga Pakistan da Somaliya da ƙasashen Larabawa da sauran wurare, za ka ji fatawoyi daban-daban, kuma bai kamata hakan ya ruɗa ka ba. Ka tambayi malamin da ka amince da shi, ka tsaya a kan abin da ya gaya maka. Dabarar da ta yi mini amfani ita ce ware kayan aiki daban da kayan salla: ina ajiye wando da riga masu tsabta a jaka, da 'yar dardumata, ta yadda ko kare ya goge ni da hanci ba na tsayawa wasiwasi idan lokacin salla ya yi.

Masu tuƙin tasi da motocin haya na manhajar waya, ku saurara da kyau, domin wannan ya raba mutane da abincinsu. A ƙarƙashin dokar daidaito ta 2010, laifi ne direba ya ƙi ɗaukar makaho ko wani mai buƙata ta musamman saboda yana tare da karen da ke yi masa jagora, laifi ne kuma ya ƙara masa kuɗi. Tarar tana iya kaiwa fam 1,000, kuma hukumar da ta ba ka lasisi tana iya ƙwace shi. Uzurin addini ba ya karɓuwa. Abin da kawai ake karɓa shi ne larurar rashin lafiya, ita ma sai da takardar da hukumar ta bayar tun kafin ranar. Irin wannan kare horarre ne, yakan kwanta a ƙasan mota kusa da ƙafar mai shi har a isa, don haka ka ajiye tsohon bargo a but ka shimfiɗa masa. Dokar ta shafi masu shaguna da gidajen abinci ma. A 2008 wani masallaci a birnin Leicester ya keɓe wa karen jagora wurin kwanciya a mashigarsa domin wani matashi makaho ya samu halartar salla, bayan malamai sun duba lamarin sun yarda. Idan ka ga irin wannan kare sanye da kayan aikinsa, kada ka kira shi ko ka ba shi abinci, yana bakin aiki ne.

Masu shiga gidajen mutane, wato ma'aikatan kula da tsofaffi da masu kai saƙo da masu shara, suna da damar neman a rufe kare a wani ɗaki kafin su shiga, kuma ya fi kyau ka gaya wa shugabanka tun kafin a tura ka, a rubuta a takardar gidan. Idan tsautsayi ya sa an cije ka, ka wanke wurin da ruwa da sabulu, ka je asibiti, ka kuma sanar da wurin aikinka a rubuce. Abin da zai kwantar maka da hankali shi ne an kawar da ciwon haukan kare daga karnukan Birtaniya tun 1922. Wannan ne ma ya sa shigo da dabba daga Nijeriya ko Nijar yake da tsauri, domin sai an yi mata rigakafi, an gwada jininta bayan aƙalla kwana 30, sannan a jira wata uku. Ka kuma tuna da wannan idan ka kai yaranka hutu gida, domin yaron da ya saba shafa karnukan nan zai miƙa hannu ga na titi, alhali can ciwon yana nan.

Kada kuma kirki ya sa ka miƙa wa karen maƙwabci abin da ke hannunka. Cakulan da zabibi da albasa duk guba ne gare shi, haka ma goro, kuma miyarmu ba ta rabuwa da albasa. Dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya huda masa hanji. Kyanwa kuwa ƙwayar farasitamol guda tana iya kashe ta.

Ita kyanwa lamarinta ya fi sauƙi a wurinmu, tun da hadisi ya tabbatar da cewa ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-kawo a tsakaninmu, kuma kowa ya san labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha. Abin da sabon zuwa ya kamata ya gane shi ne kyanwoyin ƙasar nan suna da 'yancin yawo. Ana huda musu 'yar ƙofa a ƙasan ƙofar baya, su fita su dawo yadda suka ga dama, kuma doka ba ta kama mai kyanwa don ta tsallaka katangarka. Wadda ka gani kullum a bayan gidanka tana kallonka kamar marainiya, kusan tabbas tana da gida da kwanon abinci a layi na gaba. Kada ka rufe ta a ɗaki da sunan ka tsinta, domin tun Agustan 2024 ɗauke kare ko kyanwar wani laifi ne mai zaman kansa a Ingila. Kada kuma ka zuba maganin ɓera a fili don ta ɓata maka shuka. Game da baƙar kyanwa da abin da ake faɗa a kanta a gida kuwa, a nan da yawa sa'a suke ɗaukarta, kuma ko fadar firaminista da ke Downing Street tana da kyanwarta mai suna Larry tun 2011, wadda ta ga shigar firaministoci da dama da fitarsu.

Wata rana yaranka za su dawo daga makaranta su ce su ma suna son a sayo musu dabba, tun da duk abokansu suna da ita. Kafin ka amsa, ka duba takardar hayar gidanka, domin masu gidaje da yawa sun sa sharaɗi a kan dabbobi. Sannan ka yi lissafi. Asibitin gwamnati na mutane ne kawai, likitan dabbobi kuɗi ake biya, kuma tiyata guda tana iya cinye albashin wata. Ƙungiyar PDSA, wadda aka kafa a 1917, tana duba dabbobin marasa ƙarfi, amma sai masu karɓar wasu tallafin gwamnati, alhali bizar yawancin sababbin zuwa ta hana su karɓar irin wannan tallafi. Dole ne a sanya wa dabbar 'yar na'urar shaida mai girman ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata, wadda ta zama wajibi ga karnuka tun Afrilun 2016, ga kyanwoyi kuma a Ingila tun 10 ga Yunin 2024, kuma rashin yin hakan yana iya jawo tarar fam 500. Mai kare zai fita da shi safe da yamma ko ana zabga sanyi, ya kuma duƙa ya kwashe kashinsa da leda a gaban jama'a, in ba haka ba a ci shi tara. Idan za ku tafi gida hutun Salla na mako huɗu, sai an biya wanda zai riƙe ta. Ni ra'ayina, iyalin da ba su cika shekara biyu a ƙasar ba su haƙura tukuna, in kuma ya zama dole, su je gidajen da ake tara dabbobin da aka yasar su karɓi babbar kyanwa da aka riga aka yi wa rigakafi. Mai juna biyu kuma kada ta riƙa kwashe kashin kyanwa, saboda wata ƙwayar cuta da ke iya taɓa ɗan da ke ciki.

Dattijuwar nan da na fara da labarinta, na koma gidanta washegari na ba ta haƙuri, na gaya mata cewa inda na fito ba a shigo da kare ɗaki, kuma tsoro ne ya sa na yi abin da na yi. Muka yi yarjejeniya cewa za ta riƙa sa shi a kicin idan ta ji ƙarar motata. Haka muka yi fiye da shekara, ban taɓa shafa shi ba, ita ma ba ta taɓa neman in shafa ba. Da ya mutu a cikin hunturu, aka ƙone gawarsa aka kawo mata tokar a wani ɗan akwatin katako, ta ajiye a ƙarƙashin hotunan nan biyu. Na yi mata jaje kamar yadda na ga maƙwabtanta sun yi, har da ɗan kati. Ranar ta roƙe ni in ɗauki buhun abincinsa da ya rage da bargonsa in kai gidan dabbobin da ke hanyata, kuma na kai.